Sawun Zabuwa a Kotun Tarayya

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa. Yanzu ko jikokina, sai na kira sunan uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma shekarar da na yi shari'a a kan sawun zabuwa, wannan kam tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a kai ni kushewa. Ba zan manta da ita ba, domin a cikinta na kusa rasa sunan da na yi shekara da shekaru ina ginawa, kuma rabin wahalar ba wani ne ya ja mini ba, ni ce da kaina.

Ni mutuniyar Jajaye ce ta ƙasar Rogo, aure ne ya kawo ni Karaye. Ban yi boko ba, abin da na sani gyaɗa. Tun ban kai in ɗaga taɓarya ba mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta zaunar da ni gaban kasko. A wurinta na koyi suya, na koyi murza da sheƙa, na koyi yadda ake juya tunkuza da ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso. A wurinta kuma na gaji sawun zabuwa.

Ga yadda abin yake. A zamaninmu in ana biki, kowace mace da ƙoranta da kwanukanta take zuwa, in an watse sai kaya su cakuɗe. Saboda haka kowane gida da alamarsa. Ta mahaifiyata layi uku ne da suka haɗu a ƙasa, da ɗigo ɗaya a bayansu, kamar inda zabuwa ta taka a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da wuƙa mai zafi take ƙona shi a gindin ƙwarya. Da na fara sayar da mai a kwalba, sai na riƙa ɗiga wannan alama da jan fenti a kan murfi, don kwalabena su riƙa dawo mini. Ana nan, ana nan, mutane suka daina cewa man wance, suka koma cewa mai sawun zabuwa. Wanda bai iya karatu ba ya san shi, wanda ya iya ma shi yake nema. Sana'a ta buɗe har na ɗauki mata bakwai muna aiki tare a tsakar gidana, yawancinsu mazansu sun rasu, da wannan man suke riƙe da marayu.

'Yata ta biyu malamar firamare ce a nan Karaye. Ita ta sa aka buga mana takardar da ake liƙawa a jikin kwalba, da sawun a tsakiya. Ita ce kuma wata rana ta zo ta ce sai an yi wa alamar rajista, wai gwamnatin tarayya ce ke riƙe da littafin tambarin kayan sayarwa na ƙasa baki ɗaya. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Yanzu sawun zabuwar uwata ne za a kai Abuja?" Ta ce, "Iya, ke dai ki sa hannu." Na dangwala yatsa. An daɗe, har na manta, sai ga takarda ta zo da jan hatimi. Na naɗe ta a tsumma na tura ƙasan adaka, ban sake tuna ta ba.

To, a shekarar da nake ba ku labari, kaka ta yi kyau, gyaɗa ta zo da albarka. Wata safiya muna cikin suya sai ga mai ƙosan bakin tasha ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Wannan mata ta fi shekara goma ba ta tuya da man kowa sai nawa. Ta dangwarar da kwalba a gabana.

"Hajiya, ni za ki yi wa haka? Shekara nawa muna tare?"

Na ce, "Lafiya? Zauna mana mu gaisa."

"Ba zama ya kawo ni ba. Tun asuba mai yake kumfa yana ambaliya a kasko, ƙosai ya ƙi tashi, wanda ya ci sai ya ce yana maƙaƙi. Ƙullu guda na zubar."

Na buɗe kwalbar na kai hanci. Wanda ya yi rayuwarsa a cikin gyaɗa ba ya buƙatar ɗanɗanawa. An yi algus, an gauraya shi da wani mai mara asali, ƙanshin gyaɗar a sama kawai yake. Na ce, "Wannan bai fito daga turmina ba."

Ta juya kwalbar ta nuna mini takardar jiki. "To wannan sawun na waye?"

Nawa ne. Layi uku, da ɗigo. Har launin takardar iri ɗaya.

Ba a yi mako biyu ba muka gane mai yi. Wani ɗan kasuwa ne, ɗan maƙwabcin gonar marigayi maigidana ta hanyar Kurugu. A gabana aka haife shi. A da, shi yake ɗaukar mana mai a motarsa ya kai Kano, daga baya ya daina zuwa, ashe ya buɗe nasa wurin ne ya sa an buga masa takarda irin tamu. Dama akwai wata tsohuwar magana tsakanin gidansu da namu a kan iyakar gona, wajen wata tsamiya, wadda na bari ta kwanta saboda maƙwabtaka. Ranar kasuwa na same shi a rumfarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ba zan yi masa ƙarya ba. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Iya, zabuwa ai ta Allah ce. Wane gida ne babu ita? Kowace da sawunta."

Na ce, "Amma wannan zabuwar a gidanmu ta taka."

Ya ce, "Kasuwa ce, Iya. Kowa da rabonsa."

Da 'yata ta ji, sai ta zo mini da wani lauya, abokin karatunta ne, sa'an ɗana. Ya zauna a tabarma ya ci ƙuli, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce a ɗauko masa takardar nan mai jan hatimi. Ya duba ta gaba da baya, ya ce, "Mama, maganarki mai ƙarfi ce. Amma wurinta ɗaya ne, babbar kotun tarayya da ke Kano. Can za mu shigar, mu roƙi a hana shi sayarwa tun kafin a gama shari'a."

A nan ne na yi kuskuren da na ce muku. Ku kuma yi mini adalci, ku ji dalilina. Mu yadda aka tashe mu, magana hawa-hawa take tafiya. In abu ya same ka, mai unguwa za ka fara gaya wa. In ya fi ƙarfinsa shi zai raka ka wurin dagaci, dagaci ya kai ka gaban hakimi, in ta ƙi sai alƙali. Na sha ganin mutum ya je gaban hakimi kai tsaye, tambayar farko da ake yi masa ita ce, ka gaya wa dagacinka? In ya ce a'a, sai a ce koma. Wanda ya tsallake na ƙasa ya tafi sama, a wurinmu mara tarbiyya ne, ko da shi ke da gaskiya. Ni kuma a zatona kotuna ma haka suke, ta alƙali a ƙasa, ta jiha a kanta, ta tarayya can ƙololuwa, kamar tsani.

Na ce da shi, "Ɗan nan, ni da furfurata in tsallake mai unguwa, in tsallake dagaci da hakimi da alƙalin garinmu, in tafi kotun gwamnatin tarayya a kan kwalbar mai? Me za a ce da ni a garin nan? A ce tsohuwa ta yi kuɗi ta raina manya?"

Ya ce, "Mama, ki je wurin manya a yi sulhu, wannan abu ne mai kyau, ni ma zan raka ki. Amma mu shigar da ƙarar tukuna, a yi su tare. Umarnin da zai tsayar da shi dole, a can kaɗai yake."

Na ce, "Ku 'yan boko komai sai kun kai shi nesa."

'Yata ta ce, "Iya, ki saurare shi mana."

Na ce, "Ke kuma yi mini shiru. Kafin a haife ki nake ganin shari'a."

Ya yi mini sallama cikin ladabi ya tafi. Na ƙulla masa ƙuli a leda, ina ganin na koya wa yaro hankali.

Shi ke nan, na kama hawa tsanina. Mai unguwa ya ji, ya yi salati, ya raka ni wurin dagaci. Dagaci ya aika a kira mutumin, aka ce yana Kano. Aka jira ya dawo, aka zauna, ya ce zai duba. Bai duba ba. Aka ɗunguma gaban hakimi. Hakimi, Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi masa faɗa sosai, ya tuna masa maƙwabtakar iyaye. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji, na kuma daina." A Karaye ya daina. A Rogo da Kano da sauran kasuwanni kuwa, motarsa ba ta fasa sauke kaya ba. Kowane hawa da na yi, makonni yake ci. Ni ina bin ladabi, shi yana cika kwalabe.

A tsakar gidana kuma abu ya fara nunawa. Masu sari suka rage zuwa. Wanda ya zo sai ya ce, ai an ce man naku ya lalace. Da kullum muke suya, muka koma kwana uku a mako, muka koma biyu. Ɗaya daga cikin matan, mai 'ya'ya biyar, ta same ni a ɗaki ta ce, "Hajiya, ki yafe mini, zan koma surfe a gidajen mutane. Yara ba su san ana shari'a ba." Na ce ta je, Allah ya buɗa. Bayan ta fita na daɗe ina kallon turmin da take aiki da shi.

Ga azumi yana matsowa, lokacin da mai ya fi tafiya a duk shekara. Sai na ce to, saura alƙali. Na je kotun garinmu da ƙafata, na biya abin da ake biya, aka rubuta ƙara, aka ba da sammaci. Zaman farko mutumin bai zo ba, aka ɗage. Zama na biyu ya zo, da lauyansa a gaba. Ni kuma na zo da kwalabe biyu a kwando, tawa da tasa, da shaidu uku, har da mai ƙosai, wadda sai da na roƙe ta kafin ta yarda. Na kwana ina shirya abin da zan faɗa. Ko kwalaben ba a buɗe ba. Lauyan ya miƙe ya ce wannan kotu ba ta da hurumin jin maganar, wato ba ta cikin abin da doka ta ba ta iko a kai.

Alƙalin dattijo ne mai natsuwa. Ya karɓi takardata mai jan hatimi ya karanta, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, abin da ya faɗa gaskiya ne. Wannan magana ba tawa ba ce."

Na ce, "Allah gafarta malam, ni na yarda da kai. Duk abin da ka yanke na karɓa. Ga mai, a shinshina. Ga shaidu."

Ya ce, "Ko ke da shi kun haɗa baki kun ce kun yarda in yi, ba zai halatta ba. Yardar masu shari'a ba ta ba alƙali ikon da doka ba ta ba shi ba. In na yi miki hukunci yau kika tafi kina murna, gobe za a rushe shi a sama kamar ba a yi ba, ki dawo inda kika fara."

Na ce, "To sai in hau ta gaba, ta jiha."

Ya girgiza kai. "Can ma abin da za a gaya miki ke nan." Ya ga ban gane ba, sai ya ajiye alƙalami ya ce, "Hajiya, ke 'yar kasuwa ce. In rigima ta tashi tsakanin maƙera biyu a kan aikin ƙira, sarkin pawa ake kai wa?"

Na ce, "A'a, sarkin maƙera."

"Don sarkin pawa ƙarami ne?"

"A'a. Ba layinsa ba ne."

Ya ce, "To haka kotuna suke. Tsanin da kike nufi yana nan, amma na ɗaukaka ƙara ne, in an yi maka hukunci ba ka gamsu ba. Wurin shiga da fari kuwa, kowace magana da ƙofarta. Aure, gado, rikicin gona a ƙauye, ciniki tsakanin mutum da mutum, waɗannan ki kawo mana, ko kotunan jiha. Amma tsarin mulkin ƙasa ya ware wasu abubuwa ya ce na kotun tarayya ne ita kaɗai. Harajin gwamnatin tarayya, maganar kwastan, yadda ake tafiyar da kamfani mai rajista, jiragen ruwa da na sama, ƙara a kan matakin da wata hukumar tarayya ta ɗauka a aikinta. Tambarin kayan sayarwa yana cikinsu. Ba girman mai ƙara ake dubawa ba, ba kuma yawan dukiyar ba. Irin maganar ake dubawa. Ko a kan kwalba ɗaya ce, tun da a kan wannan tambarin ne, can ce ƙofarta."

Na ce, "Ashe ban raina ka ba in na tafi can?"

Ya yi ɗan murmushi. "Da kin tafi can tun farko, da kin hutar da ni, kin hutar da kanki."

Aka sallami ƙarar. Na ɗauki kwandona da kwalabe biyu a rufe yadda na kawo su. A bakin ƙofa mai ƙosai ta gyara mayafi ta ce, "Hajiya, na bar kasko na zo." Ta juya ta wuce. Azumin nan haka ya zo ya wuce, masu ƙosai da masu wainar buɗa baki suna tuya da man wasu. Mata biyu suka ƙara tafiya, muka rage ni da huɗu.

Bayan salla na ce wa 'yata ta kai ni wurin lauyan nan. Ta ce za ta kira shi ya zo. Na ce a'a, ni na kore shi, ni zan je. Muka shiga mota har Kano. Da ya gan ni ya taso da sauri ya ba ni kujera. Na ce, "Ɗan nan, na zo ba ka haƙuri. Ka faɗa mini gaskiya na ƙi ji."

Ya ce, "Haba Mama, ai ƙulin da kika ba ni ya biya. Sai dai yau ban ga leda ba."

Na ce, "Ka ci shari'ar tukuna."

Ya yi dariya, ya jawo takardu. Bai ce ai na gaya miki ba, ko sau ɗaya. Wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ya faɗa.

Ranar da muka fara shiga kotun tarayya na sa zanen da na je Makka da shi. Na zaci zan tarar da sojoji a ƙofa da wani abu mai ban tsoro. Sai na ga ɗaki ne da benci da fanka, mutane suna jiran a kira su kamar a asibiti. Alƙaliyar mace ce, da wata farar hular gashi a kan ɗankwalinta. Da Turanci ake magana, aka tsayar mini da tafinta a gefe yana juya mini. Abin da ya ba ni mamaki, lauyan mutumin nan da ya ce a Karaye maganar ta kotun tarayya ce, shi ne ya miƙe a nan ya ce ai wannan rigimar kasuwa ce kawai tsakanin maƙwabta, a mayar da ita kotun jiha. Na dafa hannun 'yata na ce, "Za a sake korar mu?" Ta ce, "Iya, yi shiru ki ji."

Lauyanmu ya miƙa takardar nan da ta sha kwana a ƙasan adaka. Ya ce ba bashi muke bi ba, ba ciniki ne ya ɓaci ba, abin da muka kawo shi ne an ɗauki tambari mai rajista an liƙa a kayan da ba namu ba. Alƙaliya ta ce ita abin da mai ƙara ya rubuta yana nema take dubawa don ta san ko maganar tata ce, kuma wannan tata ce. Tafinta ya juya mini, na ce ya maimaita. Ya maimaita. A zaman da ya biyo baya ta ba da umarni mutumin ya dakatar da sayar da duk wani mai da ke ɗauke da sawun har a gama shari'a. Abin da na yi wata da watanni ina nema a ƙofofin da ba nasa ba, ga shi ya fito a 'yan makonni.

Shari'ar kanta ta ɗauki lokaci, ba zan ce muku ta yi sauri ba. An ɗage, an sake ɗagewa, na san hanyar Kano kamar hanyar rijiya. Ranar da aka kira ni ba da shaida, lauyansa ya tambaye ni, tun da ban iya karatu ba, yaya aka yi na san abin da ke jikin takardar kwalba nawa ne. Na ce a ba ni abin rubutu. Aka ba ni biro da farar takarda. Ni da ban iya rubuta sunana ba, na ja layi uku na haɗa su a ƙasa, na ɗiga ɗigo a baya. Na ce, "Wannan uwata ta ƙona a gindin ƙwaryarta tun kafin uban wanda kake karewa ya yi wayo. Shi ya faɗa wa kotu inda ya samo nasa." Aka miƙa wa alƙaliya takardar, ta daɗe tana kallo.

Sai daɗi ya ɗebe ni. Na ga yau ga ni a babban wuri, ana saurarona, ana rubuta abin da na faɗa. Na ce wa tafinta, "Gaya mata, tun da Allah ya kawo ni, akwai kuma maganar iyakar gona wajen tsamiya, da gidansu suka ci mana kunyar shuka har uku. A haɗa a yanke gaba ɗaya."

Lauyanmu ya dafe goshi. Tafinta ya juya, ɗakin ya ɗauki dariya. Alƙaliya ta cire tabarau, ta yi magana da Hausa a karo na farko, ta ce, "Mama, wannan kuma ba tawa ba ce. Maganar gona sai ki koma wa alƙalinku na Karaye."

Na ce, "Ranki ya daɗe, shi ya turo ni nan, ke kuma kin tura ni can?"

Ta ce, "Ya turo ki da tambari. Ni na mayar da ke da gona. Kowa ya riƙe nasa."

A nan ne abin ya gama zauna mini. Na ɗauka ita ce sama da kowa, duk abin da ta ga dama za ta taɓa. Ashe ita ma da iyakarta, kamar yadda dattijon nan yake da tasa, kuma ba ta ji kunyar faɗa ba.

Ba a kai ga yanke hukunci ba. Da mutumin ya ga kaya sun tsaya masa, sai ya aiko manya. Aka koma gaban hakimi, wannan karon da umarnin kotu a hannu. Ya yarda ya daina har abada, ya kawo sauran takardun da ya buga, dami-dami, aka ƙone su a tsakar gidana a murhun da muke suya. Lauyoyi suka rubuta sulhun, aka kai wa alƙaliya ta mayar da shi hukuncin kotu. Wato abin da yaron nan ya faɗa tun ranar farko a kan tabarmata, a yi su tare, shi aka dawo aka yi, bayan an yi asarar kaka guda da azumi guda. Na aika wa lauyan ƙuli cikin bokiti. Maganar tsamiya kuwa ban kai ta ko'ina ba, na bar wa 'ya'ya, sun dai san ƙofarta in sun tashi.

Sana'a ta dawo, amma ba duka ba. Cikin mata ukun da suka tafi, ɗaya ce ta dawo. Mai 'ya'ya biyar ɗin nan ta riga ta koma garinsu da yaran, ban sake ganinta ba sai a wata ta'aziyya. Mai ƙosan bakin tasha ta yi kusan shekara kafin ta sake aiko a sayo mata, daga baya ta ci gaba da zuwa da kanta. Muna gaisawa, muna wasa da dariya kamar da. Amma har yau, in na miƙa mata kwalba, sai ta buɗe murfin ta kai hanci kafin ta sa a kwando. A da ba ta yin haka. Kotu ta mayar mini da sawun zabuwa, wannan kuwa babu alƙalin da zai iya mayar mini da shi, kuma watannin da na ɓata ina hawa tsani su suka ba jabun lokacin shiga kowane kasko.

Ban daina girmama mai unguwa da dagaci ba, kuma ba zan daina ba. Wanda ya zo mini da rigimar gida ko ta maƙwabta, har gobe can nake tura shi. Abin da na koya shi ne, in magana ta kai ga shari'a, kafin ka tambayi wa ya fi girma, ka tambayi ta wace ce. Ka tambayi wanda ya sani, in ya gaya maka kuma ka ji, ko da sa'an ɗanka ne. Ni na tsaya a ƙofar da ba tawa ba ina ta sallama cikin ladabi, alhali mata bakwai suna bayana suna jiran abin da za su kai wa 'ya'yansu.